Zomo da garmani: alamu biyu na lafiyar makiyaya

Ƴan uwa makiyaya, darasinmu na yau a kan zomo ne da garmani. A aikina na kula da lafiyar dabbobi, idan na shiga makiyaya ina neman su biyun tun kafin in duba garke, don suna nuna mini halin da ƙasar take ciki.

Zomon daji ba ya haƙa rami. Cikin ciyawa ko gindin sabara yake kwana, da dare ya fita kiwo. Macen tana ɗaukar ciki kimanin kwana 42, ta haihu a ƙasa, ƴaƴan da gashinsu, idonsu a buɗe. Ciyawa ce kaɗai maɓoyarsu daga shaho da dila. Saboda haka inda kuka ga kashin zomo da sawunsa da yawa, akwai sauran ciyawa mai kauri a wurin.

Garmani kuwa, mai fure rawaya da ganye mai gashi, ƙasar da ta gaji yake so. Ya fi yawa a burtali da bakin rijiya da mashaya, inda kofato ya tattake ciyawa. Dabbobi ba su cika cinsa ba, sai su cinye abin da ke kewaye da shi su bar masa fili. Irinsa yana da ƙananan ƙayoyi masu maƙalewa a gashin tumaki da awaki, da haka yake bin garke zuwa sabon wuri. Ya riga ya mamaye makiyaya da dama a jihohin Maraɗi, Damagaram da Doso.

Sau da yawa ana kawo mini saniya ramammiya, nono ya ragu, ana neman allura. In na tambaya, sai in tarar cikin garmani take yini. Allura ba ta maganin yunwa.

Ga abin da nake ba ƙungiyoyi shawara. A yi gayya a tumɓuke garmani da saiwarsa da damina, kafin ya yi iri. A watsa irin kyasuwa ko komayya a wurin, don filin da aka bari tsirara garmani ne zai sake kama shi. A hutar da wurin har ciyawar ta zubar da iri. A share hanyar tare gobara kafin iskar hunturu ta taso.

Bayan damina ku koma ku duba. In garmani ya ragu, kashin zomo ya fara bayyana, to makiyayar tana farfaɗowa.