Me Ya Sa Mahaɗar Fayif Ke Yoyo Bayan An Sa Gam?

Tambaya: Na gina gida a Kubwa, ko shekara ba a yi ba bangon banɗaki ya jiƙe, fenti na ɓarewa. Mai aikin famfo ya rantse ya zuba gam sosai. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, yawan gam ba shi ke hana yoyo ba. Gam ɗin fayif na PVC narkar da fatar robar yake yi, har fayif da soket su zama abu guda. In akwai ƙura, maiƙo ko danshi a bakin fayif, ko an yanke shi a karkace, narkewar ba ta game ko'ina, sai a bar ɗan tsagi da ido ba ya gani. Ruwa kuwa ba ya raina ƙofa, yana bin tsagin kamar yadda kananzir ke hawa lagwani.

Ga kuma matsi. Gidaje da yawa a Kubwa, Lugbe da Lokogoma da burtsatse da tankin sama suka dogara, ruwa kuma kullum yana danne mahaɗar ƙasa, injin burtsatsen na girgiza ta duk lokacin da ya tashi. Zafin Maris na buɗa roba, sanyin daren hunturu na tsuke ta, tsagin na ƙara faɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne shafa silikon ko gam mai haɗi biyu ta waje don tsayar da yoyo. A hankali danshi ke ratsa tsakaninsa da roba, ya saki riƙonsa, yoyo ya dawo bayan an mayar da tayil.

Mafita ita ce a fasa wurin, a yanke mahaɗar, a sa sabon soket. A yanka daidai, a kankare bakin, a goge ya bushe. A shafa gam a fayif da cikin soket, a tura nan take tare da ɗan murɗawa, a riƙe kamar daƙiƙa 30. In za ka sayi gam a kasuwar Dei-Dei, girgiza gwangwanin ka ji. Wanda ya yi kauri ya fara daskarewa ya tashi daga aiki. In fayif ɗinka PPR ne, gam ba ya kama shi sam, da injin zafi ake haɗa shi.

Ka jira awa 24 kafin a saki ruwa. Sannan ka cika tanki, ka rufe duk kan famfo, ka bar bangon a buɗe kwana guda. Kada ka bari birkila ya yi filasta sai ka shafa kowace mahaɗa da hannunka ka ji ta a bushe.