Darasi Na Sha Biyu: Ɓuntun Shinkafa Da Ruwan Rini

Ɗalibi, ka taɓa lura da launin ruwan kwata bayan an yi rini? A unguwa mai cunkoso irin Kpakungu da ke Minna, abin da aka zuba a kwata sai ya bi ta ƙofar maƙwabta, ga kuma rijiyoyi a kusa.

Rini tsohuwar sana'a ce. Marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, da baba da toka take aiki. Amma masaƙu da yawancin marinan yau da rinin kanti suke amfani, wanda aka haɗa da sinadarai don kada ya koɗe. Wannan ƙarko nasa shi ne matsalar, domin a cikin rafi ma ba ya saurin gushewa. Yana tare hasken rana, tsirran ruwa su kasa girma, kifi ya rasa iskar shaƙa.

Gawayi yana iya kama rini. A jikinsa akwai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kuma idan ruwa ya ratsa, ƙwayoyin rinin sai su manne a cikinsu. Gawayin da aka inganta a masana'anta ya fi kowanne, domin faɗin ramukan giram ɗaya yakan wuce murabba'in mita 500. Sai dai yana da tsada. Shi ya sa masana, har da na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, suke gwada abubuwan da ake zubarwa: ɓawon gyaɗa, totuwar masara da ɓuntun shinkafa. Ɓuntu kam ba ya wuya a Jihar Neja, musamman wajen Bida. Ana ƙona shi a rufaffiyar tukunya, a daka, a tankaɗe, a wanke, sannan a zuba a ruwan rinin.

Ka kula: rinin bai ɓace ba, ya koma jikin gawayin ne, saboda haka ba a mayar da gawayin cikin kwata. Ruwan ma, ko ya yi garau, ba na sha ba ne.

Tambayoyi
1. Me ya sa rinin kanti yake daɗewa a rafi?
2. Yi jimla da kowace kalma: koɗe, ɓuntu, garau.

Aiki
Zuba garin gawayi cokali biyu a rabin kofin zoɓo, ka dama, ka tace bayan minti 30. Rubuta abin da ka gani.