DARASI: RUBUTU SHI NE KATANGAR AMANA A KASUWANCI

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, darasinmu ya shafi alhazai masu kantuna, da yaran da ke tsare musu dukiya, da duk wanda ke ba da bashi ko yake karɓa. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, akasarin cinikinmu a kan amana yake tafiya, da baki ake ƙulla shi. Amana abu ne mai kyau. Amma ɗan Adam yana mantuwa, yana tsufa, kuma yana mutuwa.

Mu lura: ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma a kan rubuta bashi ta sauka. Ta yi umurni da a rubuta shi, ƙarami ne ko babba, tare da ajalinsa, a kuma kafa shaidu. Saboda haka wanda ya ce a rubuta bai zargi kowa ba. Umurni ya bi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abubuwa huɗu ne ya kamata ɗan kasuwa ya rubuta.

Na farko, bashi da irin kuɗin da aka ƙulla shi da su. A watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa sefa 100. Kayan waje suka yi tsada, masu bi da waɗanda ake bi suka shiga jayayya. Mu da ke ciniki ta Ɗan Isa da Jibiya, ko ta Magarya da Kwanni, kullum muna tsakanin naira da sefa. To a rubuta tun ranar farko: da wane kuɗi za a biya, kuma yaushe.

Na biyu, sharaɗin da ke tsakanin maigida da yaronsa. A mazhabarmu ta Malikiyya, ijara ba ta inganta sai an san lada kuma an san aiki ko tsawon lokacinsa. In kuwa ƙiradi ne, wato mai dukiya ya ba da jari wani ya juya, wajibi ne a ambaci rabon riba, kamar rabi ko sulusi, ba wani adadi tsayayye ba. In aka yi hasara ba tare da sakaci ba, a kan mai jari take. Shi mai juyawa wahalarsa ce ta tafi. Wannan yana cikin babin ciniki na Risala, wadda muke karantawa a zaurukanmu. To ina hujjar wanda zai riƙe yaro shekara da shekaru da alkawarin sallama, ba a faɗi nawa ba, ba a faɗi yaushe ba? Yaron da bai san haƙƙinsa ba, shaiɗan ya sami ƙofar raya masa ya ɗiba da hannunsa. Laifin ɗiba nasa ne, amma maigida ne ya bar ƙofar a buɗe.

Na uku, abin da maigida ya ɗauka daga kanti don cefane, ko biki, ko taimakon dangi. Aljihun gida daban, aljihun kanti daban. Jari da yawa ba ɓarawo ya cinye su ba, mai su ne ya ci kaɗan-kaɗan yana zaton riba ce.

Na huɗu, ƙidayar kaya sau ɗaya a shekara. Ɗan kasuwa mai juya haja yakan yi wa kayansa kima, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya fitar da ɗaya bisa arba'in in nisabi ya cika. Wanda ba ya da littafi, da me zai san zakkarsa?

Sai mu zo kan na'urorin zamani. Wayar salula da kamfanonin aika kuɗi, irin su Nita da Al Izza, sun hutar da mu ɗaukar kuɗi a kan hanya. Wannan ni'ima ce, mu gode. Sai dai saƙon da ke shigowa waya yana shaida cewa jikka 50 sun fita ne kurum. Ba ya faɗin ko rance ne, ko biyan bashi, ko jari, ko kyauta. Haka kwamfuta: abin da aka zuba mata shi take mayarwa. Na'ura ba ta maida maha'inci amintacce, kuma ba ta ƙulla sharaɗin da mutane ba su ƙulla ba. Kada kuma lambar sirri ta zama a kan mutum ɗaya ba tare da wani amintacce ya san inda aka adana ta ba, domin waya tana ɓacewa, mai ita ma yana tafiya.

Ya ku ƴan'uwa, ba a raba gado sai an biya bashi, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Ranar da aka ɗauki ɗayanmu zuwa maƙabarta, littafinsa ne zai yi magana a madadinsa. In babu shi, ko a ci haƙƙin marayu, ko marayu su ci haƙƙin wani ba su sani ba. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa ya rubuta, a karanta masa gaban shaidu. Mu fara tun wannan mako, da yaran da ke ƙarƙashinmu.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinsa. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.