Digiri na Biyu a Sarrafa Bayanai: Zaɓi Matsala Kafin Ka Zaɓi Makaranta

Matasa da dama a Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi sun gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba, sai maganar komawa makaranta ta taso. Ana yawan ba su shawarar yin digiri na biyu a infomatiks, ilimin tattara bayanai da tsara su da kwamfuta domin a yanke hukunci a kansu. Shawarar tana da kyau, amma da sharaɗi: kada ka sayi fom sai ka san inda za ka kai ilimin. Masu ɗaukar aiki suna neman wanda ya iya kwamfuta kuma ya san asibiti, ko gona, ko harkar filaye.

Fannin lafiya ne ƙofa mafi faɗi. Alƙaluman haihuwa, rigakafi da zazzaɓin cizon sauro da asibitocin Najeriya ke tarawa duk wata suna shiga manhajar DHIS2, wadda sashen infomatiks na Jami'ar Oslo a ƙasar Norway ke jagorantar gina ta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC kuma tana bin diddigin annoba da manhajar SORMAS. Wanda ya iya waɗannan zai iya zama jami'in sa ido da tantance ayyuka, ko mai nazarin alƙaluma a ma'aikatar lafiya ko ƙungiyoyin agaji. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da Asibitin Patrick Yakowa na Kafanchan cibiyar lafiya ta tarayya, kuma asibiti mai wannan matsayi ba ya rabuwa da buƙatar masu kula da bayanan marasa lafiya. Ma'aikaciyar jinya ko jami'in ajiye fayil da ya ƙara wannan karatu ya yi wa ɗan kwamfuta zalla nisa, domin ya san yadda rajistar ɗakin awo take cika, da inda kuskure ke shiga.

Sai noma. Cutar da ta halaka citta a Kachia, Jaba da Kagarko a 2023 ta bar tambayoyi: waɗanne gonaki suka fara kamuwa, daga ina irinsu ya fito, waɗanne suka tsira? Amsar tana wurin wanda zai tattara bayanai da KoboToolbox a waya, ya ɗora su a taswira da QGIS. Manhajojin nan biyu ana samun su ba tare da biyan kuɗi ba, kuma ilimin taswirar shi ne abin da hukumar filaye ta KADGIS ke aiki da shi. A irin wannan aiki, jin Tyap, Jju ko Hyam jari ne: da ɗan gari akan ci gari, manomi ya fi sakin jiki da mai jin harshensa.

Akwai ƙarin hanyoyi biyu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta wa manyan masu riƙe bayanan mutane su naɗa jami'in kare bayanai. Sai kuma harkar sadarwa, wadda ba baƙuwa ba ce a nan: Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loko a Kafanchan, wadda aka kafa a 1996, ta shimfiɗa intanet marar waya mai suna ZittNet tun lokacin da samun intanet a karkara yake da wuya.

Kowace hanya ka bi, kada ka karɓi takardar shaida ba tare da abubuwa huɗu a hannunka ba. Na farko SQL, harshen da ake zaƙulo bayanai da shi daga rumbu. Na biyu Python ko R, tare da ilimin ƙididdiga, domin yawancin lokacinka zai tafi ne wurin gyara bayanai masu giɓi da maimaici. Na uku iya zama da masu aikin, ka saurare su kafin ka gina musu komai. Manhajar da ta ƙara wa ungozoma aiki, ajiye ta za ta yi. Na huɗu rubuta rahoto mai shafi ɗaya wanda shugaban ƙaramar hukuma zai karanta ya gane.

Wajen zaɓen makaranta, kada sunan kwas ya ruɗe ka. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Jos, Jami'ar Jihar Kaduna, Jami'ar Bayero ta Kano ko jami'ar karatu daga gida ta NOUN, ilimin yakan zo da sunan kimiyyar kwamfuta, fasahar sadarwa ko gudanar da bayanai. Karɓi jerin darussan ka duba ko abubuwan nan huɗu suna ciki. Tambayi ɗaliban da suke gab da gamawa shekara nawa suka yi, kuma ko malamin da ke duba bincikensu yana samuwa. Bambanta digirin bincike da na ƙwararrun ma'aikata, domin na biyun sau da yawa ba ya kai mutum ga digiri na uku. In koyarwa kake so, a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ko sabuwar Jami'ar Tarayya ta Kachia, na bincike za ka yi. Mai HND ko wanda ya fito daga wani fanni yakan fara da diflomar share fage ta PGD.

Kundin bincikenka shi ne takardar neman aikinka ta farko. Ɗauki matsala ta gaske a kusa da kai, ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ka cire sunayen mutane daga bayanan, ka bar wa waɗanda suka ba ka haɗin kai abin da za su ci gaba da amfani da shi. Ajiye aikin a shafin intanet na GitHub don mai ɗaukar aiki a Abuja ko waje ya gani da idonsa. A lissafin kuɗinka kuma sa kwamfuta mai ƙarfin RAM 8GB zuwa sama, ƙaramar sola da kuɗin data. Malaman manyan makarantun gwamnati su nemi tallafin TETFund.

Kafin komai, gwada kanka wata uku. Yi darasin farko na DHIS2 da ake bayarwa kyauta a intanet, ko ka tsara tambayoyi goma a KoboToolbox ka zagaya manoman unguwarku. In ka iya rubuta matsalar da kake son warwarewa a shafi ɗaya, sayi fom. In ba ka iya ba tukuna, riƙe kuɗinka, ka nemi aikin sa kai a asibiti ko ƙungiyar manoma har ka same ta.