Tantance Masu Shiga Uwar Garke: Daga Fayil Zuwa Rumbun Bayanai

Gabatarwa

Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima. Kafin ta buɗe wa mutum ƙofa, sai ta tantance shi da sunansa da kalmar sirrinsa. Wannan darasi zai duba inda ya kamata a ajiye waɗannan sunaye.

Tsohuwar Hanya

A babbar manhajar Unix da Linux, kowace kwamfuta tana riƙe sunayen mutanenta a fayil ɗin /etc/passwd, kalmomin sirri kuwa a rikitar da su a adana a /etc/shadow. Idan ma'aikata tana da uwar garke goma, sai an rubuta sabon ma'aikaci sau goma. Ranar da aka sallame shi kuma, in aka manta ba a goge sunansa a guda ɗaya ba, to ƙofar nan tana nan a buɗe gare shi.

Sabuwar Hanya

A shekarar 1995 kamfanin Sun Microsystems ya gabatar da tsarin PAM, wanda ya ba kwamfuta damar tambayar wani rumbun bayanai na waje, kamar LDAP ko MySQL, maimakon duba fayil ɗinta. Sau ɗaya ake rubuta suna, sau ɗaya ake goge shi.

Mai karatu ya san irin wannan tsari a banki. A da, wanda ya buɗe asusu a reshen Suleja, a can katinsa da sa hannunsa suke. Yanzu yana iya cirar kuɗi a Minna ko Abuja, domin rassan duk rumbu ɗaya suke tambaya. Lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014, ta ƙara haɗa bayanan mutum ɗaya a dukkan bankuna.

Kammalawa

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Idan rumbun ya tsaya ko sadarwa ta yanke, babu mai shiga, kamar ranar da aka ce maka "babu netiwok" a banki. Idan kuma ɓarawo ya fasa shi, ya samu mabuɗin kowa. Don haka masana ke ajiye rumbu na biyu, su kuma bar asusun mai kula da na'ura a fayil ɗin cikin gida, domin ya samu hanyar shiga ya yi gyara.