Yadda Ake Shiga Ayarin Babura Ranar Zagayen Maulidi

A ƙaramin gari, babura kan biyo bayan 'yan Islamiyya ne, wani wurin ma bayan dawakin hakimi. Ke nan da saurin mai tafiya a ƙasa za ku tafi, kuma riƙe babur a hankali ya fi gudu da shi wuya.

1. Tun ana saura kwana biyu, shugabanninku su sanar da mai gari da 'yan sanda hanyar da za a bi. Wasu ƙananan hukumomin suna da dokar taƙaita hawan babur saboda tsaro, sai a tambaya.

2. Ran jajibiri ka kai babur wurin bakanike ya duba birki, sarƙa da iskar taya, ya juye baƙin mai. Irin su Boxer da Jincheng iska ce ke sanyaya injinsu, in aka daɗe ana rarrafe a giya ɗaya sai su ɗau zafi. Duk inda ayari ya yi doguwar tsayuwa, kashe injin.

3. Sa hular kwano. Tun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa ta, kwalliyar biki kuma ba ta ɗauke wa kowa. Naɗe babbar riga ka zauna a kanta, don bakin riga ko hijabin wadda aka goyo in ya shiga taya, nan take zai kayar da mutum.

4. Ku yi layi biyu, amma ban da jeruwa kafaɗa da kafaɗa. Na dama ya ɗan ja baya, ta yadda in rami ko akuya ta ɓullo kowa yana da wurin kaucewa. Dattijo a gaba, sababbin hannu a bayansa, gwani ɗaya a ƙarshe mai kula da wanda babur ɗinsa ya mutu. Birkin ƙafa za ka riƙa taɓawa. Na hannu yakan zame da kai a yashi ko a kwana.

5. Kusa da dawakai ba oda, ba murza totur. Doki in ya firgita, cikin yara zai faɗa. Mai son ɗaga tayar gaba ko sakin hannu kuwa, a fitar da shi daga layi ko ɗan wane ne. Ban yarda a yi kara a nan ba.

6. Watsewa ita na fi tsoro, don a lokacin kowa ya ƙosa. Ku tsaya a filin da aka ajiye, ku bar 'yan agaji su tsallakar da ɗalibai tukuna, sannan a sallame ku biyar-biyar.