Kimiyya a Cikin Tukunya: Abincin Gaya da Ajingi da na Mutanen Bosniya

Gabatarwa

Ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa kimiyya sai a ɗakin gwaje-gwaje, shi kuwa tuwo da miyar kuka abincin ƙauye ne wanda ya kamata mai ilmi ya yi ban kwana da shi. Wannan darasi zai nuna cewa a cikin wannan tukunya da ake rainawa akwai ilmin da ya daɗe yana raba jama'a da yunwa. Za mu ɗauki misali daga Gaya da Ajingi a gabashin Jihar Kano, sannan mu kwatanta da Bosniya, wata ƙasa a kudu maso gabashin Turai wadda ta ɓalle daga Yugoslabiya a 1992.

Matsala ɗaya, ƙasashe biyu

Gaya tsohon gari ne a kan hanyar Wudil zuwa Dutse, har ma tarihin baka yana cewa daga can maƙeran da ake kira Abagayawa suka taso suka zauna a gindin Dala. Mutanen Gaya da na Ajingi yawancinsu manoma ne, suna shuka gero da dawa da wake da gyaɗa. Damina wata huɗu ce ko biyar, amma ciki ba ya hutu, kullum sai ya nemi hakkinsa. Tambayar ita ce: yaya abin da aka girba da kaka zai kai iyali har wata kakar?

Mutanen Bosniya ma wannan tambaya ce a gabansu. Tasu ƙasar ta duwatsu ce, kuma abin da ke tsayar musu da noma shi ne sanyi da ƙanƙara. Duk da nisan da ke tsakani, dabaru uku dukanmu muka dogara da su: busarwa, da tsimawa, da haɗa abinci iri biyu.

1. Busarwa

Abin da ke ruɓar da abinci wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, wato bakteriya da fumfuna, kuma ba sa iya hayayyafa sai da ruwa. Ɗanyar kuɓewa kusan kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, shi ya sa ba ta daɗewa. Idan aka yanka ta aka shanya, ruwan ya fita, sai ta shekara. Wannan ita ce hikimar busasshiyar kuɓewa da kuka da karkashi da kauɗar tumatir. Haka nan kilishi: ana feɗe nama siriri don iska ta ratsa shi, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, sannan a ɗan gasa.

A Bosniya akwai wata shahararriyar miya mai suna begoba corba, wato miyar basarake, wadda ake yi da kaza da ƙananan kuɓewa da aka jera a zare aka busar. Sunan kuɓewa a harshensu bamiya, kalmar Larabci ce da ta iso musu ta hannun Turkawan Daular Usmaniyya, waɗanda suka mulki ƙasar daga 1463 zuwa 1878. Suna kuma da suho meso, naman sa da ake shafa wa gishiri a busar da hayaƙi. Mu rana ce ke yi mana aikin, su kuwa gishiri da hayaƙi da iskar hunturu.

2. Tsimawa

Ba kowace bakteriya ce abokiyar gaba ba. A 1857 masanin Faransa Louis Pasteur ya nuna cewa rayayyun halittu ne ke sa madara yin tsami. Suna cin sukarin madarar su mai da shi sinadari mai tsami, wanda miyagun ƙwayoyi ba sa jurewa. Lokacin da Bafulatana ta zuba ɗan tsohon nono a cikin dafaffiyar madara, irin waɗannan halittu take shukawa. 'Yan uwansu ne mutanen Bosniya ke amfani da su idan sun cika ganga da kabeji da ruwan gishiri kafin shigowar sanyi. Da ganyen tsimammen kabejin ake naɗe niƙaƙƙen nama da shinkafa a yi sarma.

Daddawa kuwa tata hanyar dabam ce. Ana dafa kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, na tsawon sa'o'i, a cire ɓawon, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. Wata bakteriya da masana ke kira Bacillus subtilis ita ke farfasa furotin ɗin kalwar. Daga nan warin yake fitowa, daga nan kuma ake samun sinadarin gulutamet mai ba miya ɗanɗano. Wannan sinadari, wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano sirrin ɗanɗanonsa a 1908, shi ne dai ke cikin dunƙulen Maggi. Bambancin shi ne, mafi yawan nauyin dunƙulen kanti gishiri ne, daddawa kuwa kusan sulusinta furotin ne mai gina jiki.

3. Haɗa abinci iri biyu

Furotin an gina shi ne da ƙananan tubala. Ɗaya daga ciki, wanda ake kira laisin, ya yi ƙaranci a gero da dawa da masara, amma yana da yawa a wake da nono. Saboda haka wanda ya sha fura da nono, ko ya ci tuwon dawa da miyar wake, ya cike giɓin. Yaron da aka yaye da koko zalla kuwa, cikinsa zai cika amma jikinsa ba zai ginu ba. A Bosniya suna tuƙa garin masara kamar tuwonmu, suna kiransa pura, kuma sukan ci shi da nono mai tsami ko cuku.

Inda ake bukatar gyara

Kimiyya ba ta ce duk abin da muka gada daidai ne ba. Ganyen da aka shanya a rana tsaka yana asarar bitamin, don haka inuwa ta fi masa. Shanya a gefen kwalta tana kwaso ƙura da kashin dabbobi. Gyaɗa ko masarar da aka zuba a rumbu ba ta gama bushewa ba takan yi fumfuna mai fitar da gubar afalatokzin, wadda ke lalata hanta. An gano gubar ne bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960. Kanwa tana tausasa wake, amma tana lalata bitamin B1. Likitoci a Zariya kuma, a shekarun 1970, sun danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Aikin gwaji

(a) A auna nauyin ɗanyar kuɓewa, a yanka a shanya har ta bushe, a sake aunawa. Kashi nawa cikin ɗari ya tafi?

(b) A zuba jiƙon zoɓo a kofi biyu. A ɗiga ruwan lemon tsami a ɗaya, ruwan kanwa a ɗayan. Wane launi kowanne ya koma? A maimaita da nono da jiƙon daddawa.

(c) Kowane ɗalibi ya tambayi wata dattijuwa a unguwarsu yadda take gane daddawa ta nuna, ya rubuta amsar ya kawo aji.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan ilmi ba a rubuce yake ba, yana hannun iyayenmu mata ne. Ya rage ga malamai da ɗalibai su tambaya, su auna, su rubuta, su kuma gyara inda ke da gyara, tun masu shi suna raye.